Shafi na Tara

Ranar Laraba suka zo da jan fenti.
Yaron da ke riƙe da gwangwanin har gaishe ni ya yi,
ya ce, Baba, matsa kaɗan, kar ya ɗiga maka a riga.
Na matsa.
Shekara talatin da ɗaya ina zaune a bakin ƙofar nan,
ban taɓa matsa wa kowa ba sai shi.

Kwana arba'in aka ba mu.
Katafila ba ta kai la'asar ba ta gama da layinmu:
rumfar Barmo mahauci,
teburin Dudu mai kifin Lagdo,
tsamiyar da muke jingina tabarmin sallah.
Keken ɗinkin Hamajoda a ka aka fitar da shi, kamar gawa.
Wai Garwa za ta yi kyau.
Aka yanka mana fili can bayan gada,
inda mai babur ke cewa sai ka biya har kuɗin dawowarsa.

Sikeli na ɗauko, da littafin bashi.

Bana suka buɗe katafaren kantin.
Wata biyu ina kewaye shi kamar wanda ake bi bashi.
Jiya na shiga.
Ƙofa ta buɗe kanta, ba ta jira sallamata ba.
Sanyi ya doke ni,
a watan da Binuwai ke kwance haƙarƙari a waje.
Na ƙirga taku daga bakin titi, goma sha tara,
nan ne shagona.
Kaji ne a wurin yanzu, tsirara, a daskare,
ba wanda zai faɗa maka wa ya yanka su.

Ba zan yi ƙarya don an ɓata mini ba:
kwatar da ke shigo mana da damina ta tafi,
wuta ba ta ɗaukewa,
shinkafarsu ta fi tawa araha.
Amma kowane kaya da kuɗinsa manne a goshi.
Ba tayi, ba albarka, ba a ƙara dai,
ba mai tambayar ya mai jiki kafin ya auna.
Ciniki na bebaye.

Sukari na ɗauka, da ganyen shayi, da sabulu guda.
Yarinyar ta wuce da su ɗaya-ɗaya,
na'ura na kuka kamar ɗan tsako.
Na zazzage aljihu.
Saura dala goma sha biyar.
Keken kayan na bayana yana taɓa mini dunduniya.
Na miƙa hannu zan mayar da sabulun.

Sai ta ɗago.
Idon Asta Wabi ne, sak.
Asta ta shafi na tara:
man gyaɗa kwalba, ashana, kananzir rabi.
Ta rasu ban ja layi ba, ban kuma aika wa kowa ba.
Wannan ce 'yar da ake aikowa da kwano,
kanta bai kai teburina ba,
ina ba ta alewa gyara.

Ta saci kallon idon gilashin da ke rataye a sama,
wanda ba ya ƙiftawa.
Ta sunkuya kamar mai gyara takalmi,
ta ɗago da tsaba uku, ta jefa a aljihun tebur.
Takarda ta fito.
Ta miƙo mini da hannu biyu,
bakinta ko motsin kirki bai yi ba:
Baba Tanimu, na rubuta.

Da dare na buɗe littafin a hasken tocila.
Biron ya bushe, sai da na goga shi a tafin hannu.
Na daɗe riƙe da shi.
In ja wa Asta layi ne,
ko in buɗe sabon shafi,
in sa sunana a sama?